A BAR MUDU YADDA YA KE, A GYARA GONA

Jama'a, kowace shekara in sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, magana ɗaya mu kan ji a kasuwar Birnin Kebbi, da ta Argungu, da ta Ambursa. Sai ka ga dattijo ya bar rumfarsa ya zo da 'yar takarda a hannu, ya ce, "Malam, duba mini wannan. Yaron nan ya ce ya ci, amma sun ce ba za su ɗauke shi karatun likita ba. To, wane irin ci ne wannan?" In ka duba sai ka ga yaro ya sami maki 190 ko 210, ga kuma satifiket ɗinsa na sakandare da rauni a fanni ɗaya. Uban nan ya sayar da shinkafarsa ya biya kuɗin jarrabawa, uwar ta riga ta fara kiran ɗanta Likita a cikin gida, ga shi kuma an ce ya nemi wani karatun.

Yawancin masu karanta jaridar nan ba su shiga jami'a ba, kuma ba wanda ya taɓa tara su ya gaya musu yadda hanyar nan ta ke. Saboda haka muka ga ya wajaba mu warware maganar filla-filla, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu. Ra'ayin namu ba zai yi wa kowa daɗi ba, har da waɗansu daga cikin abokanmu, amma dole a faɗe shi.

ƘOFOFI HUƊU

Mai son zama likita a Nijeriya sai ya wuce ƙofa huɗu kafin ya zauna a aji.

Ƙofa ta farko ita ce satifiket na gama sakandare, na WAEC ko na NECO. Ana so yaro ya sami kiredit a fanni biyar, watau Turanci, da Lissafi, da Fizis, da Kemistiri, da Bayoloji. Kiredit kuwa shi ne daga A1 zuwa C6. In ka ga D7 ko E8 a takardar ɗanka, to, bai faɗi ba, amma a wajen masu ɗaukar ɗaliban likita ba shi da kome a wannan fanni. F9 ita ce faɗuwa sosai. Jami'o'i da yawa kuma suna cewa sai an kawo biyar ɗin nan a zama ɗaya, ba a haɗa takardar bana da ta bara. Ko da yaro ya ci fanni takwas da kyau, in Fizis ta ba shi D7, ƙofa ta rufe.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Mai neman likita zai rubuta Turanci, da Fizis, da Kemistiri, da Bayoloji, jimillar makinsu 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, watau kowace tambaya ba ta da fiye da daƙiƙa 40. Tun daga 2015 kuma a kan kwamfuta a ke yin ta gaba ɗaya.

A nan ne iyaye da yawa su kan ruɗe. Su kan ji a rediyo an ce an tsai da makin shiga jami'a a 140, kamar yadda aka yi a 2024, ko 150, kamar yadda aka yi a 2025, sai su ce ai ɗanmu ya wuce haka nesa. Wannan maki kamar kuɗin ƙofar kasuwa ne. Wanda ya biya shi ya shiga kasuwa kurum, bai sayi kome ba tukuna. Kowace jami'a tana da nata ma'auni ga kowane fanni, kuma na likita shi ne ya kan fi kowane tsada. A jarrabawar 2024, daga cikin sakamako 1,842,464 da JAMB ta fitar, 1,402,490 ba su kai 200 ba, watau uku cikin kowane huɗu. Waɗanda suka kai 250 ko fiye su 77,070 ne, watau kamar huɗu cikin ɗari. Waɗanda suka kai 300 kuwa su 8,401 ne kaɗai a ƙasar nan duka. Cikin waɗannan na sama ne a ke kokawar kujerar likita.

Ƙofa ta uku ta jami'ar ce da kanta. Tun 2005 jami'o'i su ke sake tantance masu nema bayan JAMB. Waɗansu su kan yi wata jarrabawa, waɗansu su kan duba takardu, sa'an nan a haɗa maki a jera sunaye daga sama zuwa ƙasa. A wajen wannan jeri, A1 da C6 ba ɗaya ba ne, ko da ya ke duka kiredit a ke ce musu.

Ƙofa ta huɗu ita ce wadda ba a cika faɗa wa mutane ba. Akwai majalisar likitoci ta ƙasa, wadda asalinta tun 1963 ne, ita ce ke ba likita lasisi, ita ce kuma ke ƙayyade wa kowace makarantar likita yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Ta kan duba yawan malamai, da gadajen asibitin koyarwa, da ɗakunan gwaji, ta ce ku ɗauki kaza. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ƙara jimillar kujerun nan daga 5,000 zuwa 10,000 a shekara. To, ku auna da kanku. Ko da aka ninka, kujerun ba su kai rabin rabin waɗanda suka haura 250 ba. Jami'ar da ta ɗauki fiye da abin da aka yanka mata kuwa ɗalibanta ta cuta, domin majalisar ba ta tilasta wa kanta amincewa da rarar.

Bayan an shiga ma aiki bai ƙare ba. Shekara shida ce a makaranta, ana yin manyan jarrabawa a tsakani, makin wucewa 50 cikin ɗari, wanda ya yi ta faɗuwa a sallame shi. In ya gama sai ya yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, kana ya tafi bautar ƙasa.

KADA A RAGE MUDU

Waɗansu 'yan'uwanmu, da kyakkyawar niyya, su kan ce tun da ya ke an bar mu a baya a ilmin boko, sai a rage wa 'ya'yanmu maki su shiga. Mu ba mu yarda da wannan ba, kuma ga dalilinmu.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin mudu. In aka bar kowane mai awo ya zo da nasa, wani babba wani ƙarami, wa zai cutu? Mai sayen tiya ɗaya na abincin dare shi zai cutu, mai sayen tirela yana da sikeli nasa. Haka maganar likita ta ke. Filin jirgin sama na jihar nan a Ambursa ya ke. Mai hali in jikinsa ya motsa, mota ta kawo shi nan, jirgi ya ɗauke shi zuwa Abuja, daga can in ya ga dama ya wuce Masar ko Indiya. Likitan da aka rage wa mudu ba zai taɓa ganin jikin wannan mutum ba. Mu za a turo wa shi. Shi zai auna wa jaririnka magani bisa nauyin jikinsa, in ya kuskure lissafi ba a maimaitawa. Shi zai tsaya kan matarka da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Wanda ya ce a rage wa likitan talaka ilmi, ran talaka ya rage wa daraja, ko ya sani ko bai sani ba.

Dalili na biyu, shigar da yaron da bai shirya ba zalunci ne gare shi. Zai yi shekara biyu ko uku ana kashe masa kuɗi, sa'an nan babbar jarrabawa ta kayar da shi, ya dawo gida ba satifiket, ga sa'o'insa sun yi nisa a wani fannin.

Don haka ne kuma mu ke gargaɗin iyaye game da wuraren nan da a ke biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa. Wannan algus ne, daidai da mai zuba yashi a gindin buhu. Yaro zai fito da A1 jere, ya je gaban kwamfutar JAMB ya kasa kai 160. Kuɗi ya tafi, yaro ya koyi ha'inci, ƙofa kuma tana nan a rufe.

SAUƘIN DA AKA YI, WA KE CIN SA?

Bari kuma mu gaya muku abin da da yawa ba su sani ba. An riga an yi mana sauƙi a takarda. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ita ce, cikin kowace kujera ɗari, 45 na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina su ke, 35 na 'yan yankin da jami'ar ke zaune ne, 20 kuma na jihohin da aka lasafta a baya wajen ilmi. Jihar Kebbi tana cikin waɗannan jihohi. Tana kuma cikin yankin jami'ar Sakkwato da ta Birnin Kebbi. Ashe ɗan Kebbi yana da hanya uku ke nan.

To, tambayarmu ita ce, wa ke hawa kujerun nan? Abin da a ke nema shi ne takardar indijin, wadda ke nuna asalin ubanka. Ba a tambayar inda ka yi makaranta. Ɗan babban mutum da aka haifa a Kaduna ko Abuja, ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin gwaji da kwamfuta tun yana ƙarami, yana da takardar nan. Ɗan masunci da ya yi karatu a bakin gulbi shi ma yana da ita. Sai a jera su a layi ɗaya a ce duk 'yan jihar da ke baya ne. Kowa ya san wanda zai zo sama. Da sunan koma-bayanmu a ke ba da kujerar, amma sau da yawa wanda bai taɓa ɗanɗana koma-bayan ba shi ke zama a kai. Ba mu ga laifin yaron nan mai gata ba, karatunsa ya yi, makinsa ya samu. Laifin na tsarin ne da ya ɗauki asali ya bar hali.

A INA AKA KAYAR DA ƊAN TALAKA?

Ba ranar JAMB aka kayar da shi ba, jama'a. An kayar da shi shekara uku kafin nan, ranar da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare aka raba yara, waɗannan ajin kimiyya, waɗannan ajin adabi ko kasuwanci. A makarantun ƙauye da yawa, rabon nan ba ya bin basirar yaro, yana bin malaman da a ke da su. In ba malamin Fizis, ba ajin kimiyya. In akwai ajin ma, sai ka tarar malami ɗaya ke riƙe da fanni biyu ko uku, wani lokaci ɗan bautar ƙasa ne wanda zai tafi bayan shekara. Uba yana kasuwa, bai san an yanke wa ɗansa hukunci ba, sai bayan shekara uku.

Jarrabawar WAEC da NECO a fannonin kimiyya tana da ɓangaren gwaji da hannu. Za a ba yaro kwalaben gilashi da ruwan sinadari a ce ya auna, a ba shi waya da batir a ce ya haɗa, a ajiye masa ƙashi ko ganye a ce ya zana ya bayyana. Akwai yaran da ba su taɓa riƙe kayan nan ba sai ana saura mako guda. Akwai wanda ranar JAMB ce ranarsa ta farko ta zama gaban kwamfuta, ga daƙiƙa 40 tana gudu. Ku gaya mana, in aka kai mutum Matan Fada ranar su, aka ba shi homa da gora alhali bai taɓa shiga ruwa ba, in ya fito hannu wofi sai a ce rago ne?

Ga kuma Turanci. Duk tambayoyin nan da Turanci a ke yin su. Yaron da ya gama firamare bai iya karanta shafi ɗaya ya gane ba, Kemistiri ba za ta shiga kansa ba ko da malami ya fi kowa iyawa. Ashe gyaran ma tun daga firamare zai faro.

Na 'ya mace ya fi haka wuya. Matanmu da yawa sun fi sakin jiki su faɗi ciwonsu ga mace 'yar'uwarsu, kuma mazan da ke kukan ba likita mace a asibiti su ne sau da yawa ke cire 'ya'yansu daga makaranta kafin aji shida. Ba a girbin abin da ba a shuka ba. Sace ɗalibai da aka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ya ƙara sa iyaye ɗari-ɗari da makarantar kwana, kuma ba mu ga laifinsu ba. Wanda ke son likitoci mata a ƙasar nan sai ya fara da tsaron makarantunsu.

AN TAƁA YI, AN GA AMFANI

Kada wani ya ce mana abin ba ya yiwuwa. Likita na farko daga Arewa, Dokta Barau Dikko na Wusasa, sai da ya je Legas ya yi sakandare, kana ya haye teku zuwa Birmingham ta Ingila. An buɗe sashen likita a Ibadan a 1948, na Zariya a 1967. An kafa jami'ar Sakkwato a 1975, wadda yanzu a ke kira Usmanu Danfodiyo, tana da asibitin koyarwa nata. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, an kafa jami'ar kimiyya ta jiha a Aliero a 2006, an kafa ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013, wadda ke da kwalejin ilmin lafiya. Abin da Barau Dikko ya shiga jirgin ruwa ya nema, yau ɗan Ambursa yana iya zuwa ƙofarsa a kan babur. Ginin ya matso kusa. Tsanin hawansa ne har yanzu ba a kafa wa ɗan ƙauye ba.

Kano ta kafa irin wannan tsani. A 1977 gwamnatin jihar ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka riƙa zaɓo yara masu basira da jarrabawa, aka tara su wuri ɗaya, aka ba su malamai da kayan gwaji da abinci. Ba a roƙi kowa ya rage musu maki ba. Suka je suka ci da ƙarfinsu, kuma yau in ka shiga manyan asibitocin Arewa da wuya ka rasa tsohon ɗalibin Dawaki a cikin likitoci. Mu ma muna da makarantun da aka sa wa sunan kimiyya. Abin da mu ke so a duba shi ne ko abin da ke cikin ɗakin ya yi daidai da abin da aka rubuta a allon ƙofa.

ME YA SA ABIN YA DAME MU?

Domin ciwo a gidajenmu ya ke. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, ba jihar da ta kai mu, alhali a Legas bai kai kashi 3 ba. Fadamar gulbin Rima da ke ba mu shinkafa da kifi ita ce ke ba mu sauro da tsargiya. Ga kuma likitocin da a ke da su suna ta ficewa. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kamar 55,000 ne ke da lasisi a ƙasar nan, kuma wajen 16,000 sun bar ta cikin 'yan shekaru. Waɗanda suka rage ma sun fi yawa a Legas da Abuja da manyan birane.

To, wane likita ne zai yarda ya zauna a Kamba, ko Bagudo, ko Augie? Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba wannan tambaya, ta fitar da shawara a 2010 cewa ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi yiwuwa ya koma ya yi aiki a karkara, saboda haka makarantun likita su nemi irin waɗannan ɗalibai da gangan. Japan ta riga ta gane haka. A 1972 ta kafa jami'ar likita ta Jichi, inda kowane lardi ke aiko da ɗalibai biyu ko uku a shekara, a yi musu karatu ba su biya ba, su kuma koma lardinsu su yi aiki shekara tara, da yawa a ƙauyuka da tsibirai. Jarrabawar lasisi kuwa ɗaya ce da ta kowa, ba ragi.

Waɗansu gwamnatoci da masu hali sun ɗauki hanyar tura yara ƙasashen waje. Ba mu ce haram ba ne, amma mun ga abin da ya faru. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun koro ɗaliban likita da yawa gida da karatu rabi. Wanda ya gama a waje ma sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci kafin a ba shi lasisi. Kuɗin da ke kai yaro ɗaya waje zai gyara ɗakin gwajin da yara ɗari za su amfana da shi shekara da shekaru.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya, ma'aikatar ilmi ta jiha ta buga a fili, makaranta bayan makaranta, wace ce ke da ƙwararren malamin Fizis, da na Kemistiri, da na Bayoloji, da na Lissafi, wace ce kuma ba ta da shi. A manna takardar a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, kowane uba ya gani. Inda ba malami a ɗauko, a ba shi gida da ƙarin albashi don ya zauna.

Na biyu, kowace masarauta daga cikin huɗun nan, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, ta sami makarantar kimiyya ta kwana ta maza da ta mata mai cikakken kaya da tsaro, shiga da jarrabawa, a buga sunayen waɗanda suka ci da makinsu. Kada a karɓi wasiƙar kowa.

Na uku, jihar nan tana da ƙananan hukumomi 21. A ware sikolashif cikakke na karatun likita ga yara biyu daga kowace ɗaya a shekara, namiji da mace, watau 42. Sharaɗi shi ne yaron ya yi sakandarensa a makarantar gwamnati a cikin jihar, ya kuma sami shiga jami'a da makinsa. In ya gama ya yi wa jiha aiki na 'yan shekarun da aka yi yarjejeniya tun farko. Gwamnati kuma ta cika nata alkawari, ta biya kuɗin kan lokaci, ta biya albashin da zai riƙe likita.

Na huɗu, jami'o'in da ke yankinmu su riƙa buga makin ƙarshe da aka ɗauka a karatun likita kowace shekara, na cancanta daban, na 'yan yanki daban, na jihohin da ke baya daban. In an yi awo a gaban mai kaya, zargi ya kan ƙare.

SAURA NAMU

Ku kuma iyaye, akwai abin da ba sai mun jira gwamnati ba. In ɗanka ko 'yarka na aji uku na ƙaramar sakandare, ka rufe rumfa rana ɗaya ka je makarantar. Ka tambayi shugaba ko akwai ajin kimiyya, ka ce a nuna maka malaman da ɗakin gwajin. In babu, ka nemi canji tun da wuri. Ka tabbata fannoni biyar ɗin nan suna cikin abin da aka yi wa yaro rajista. Ka tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a lambar NIN, da takardar JAMB, da satifiket, domin harafi ɗaya ya sha hana yara shiga. Ka sani kuma yanzu sai yaro ya cika shekara 16 a ke ɗaukarsa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka. Tun 2017 ɗaukar ɗalibai ta na'urar JAMB ta ke bi, gurbin da bai fito a can ba gurbin banza ne.

In yaro bai samu a karon farko ba, duniya ba ta ƙare ba. Yana iya gyara fannin da ya yi rauni ya sake zama. Yana iya yin karatun share fage na IJMB, wanda jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, in ya ci sosai ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, ko da ya ke kujerun nan ma kaɗan ne. Akwai kuma aikin jinya, da unguwarzoma, da haɗa magani, da gwajin jini, duka asibiti ba ya tafiya sai da su, kuma ba abin kunya ba ne ɗanka ya zama ɗaya daga cikinsu. Wanda ya sami shiga kuɗi ya gagara, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, wanda ba ruwa a cikinsa.

Ƙungiyoyin kasuwa kuma muna kira gare ku. Kuna da adashi, kuna da asusun taimakon juna in gobara ta tashi ko an yi rasuwa. Masu shinkafa, da masu albasa, da masu kifi, kowace ƙungiya ta ɗauki yara biyar masu basira daga makarantun gwamnati na garinta. Ku biya malamin da zai yi musu darasin yamma, ku biya musu awa biyu a mako a shagon kwamfuta tun daga aji huɗu, ku saya musu littattafai, ku nemi a kawo muku sakamakonsu kowane zango kamar yadda ku ke duba littafin bashi. Wannan bai kai abin da a ke kashewa a biki ɗaya ba.

Dattijon nan da ya zo mana da takarda yana da ƙaramar 'ya a aji biyu. Na babban ya riga ya wuce bana, sai dai a sake shiri. Na ƙaramar kuwa yana hannunsa, yana hannun ƙungiyarsa, yana hannun waɗanda aka danƙa wa kuɗin ilmin jihar nan. Za mu ci gaba da tambayarsu a wannan shafi, makaranta nawa ke da malamin Fizis, har ranar da za su ba mu amsa da lamba.

Allah ya ba mu lafiya, ya shirya mana zuriya, amin.